Alherin Da Ba Ya Shiga Lissafin Tasha

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa tashar mota a Kafanchan, musamman a watan sanyi sa'ad da iska take gangarowa daga duwatsun Kagoro, ya san yadda gari yake wayewa a wurin. Tun kafin a yi kiran assalatu masu shayi sun hura wuta, 'yan kamasho sun soma kiran Kaduna da Jos da Abuja da Akwanga, yaran mota kuwa suna ta fama da ɗaurin kaya da igiyar roba. A cikin wannan hayaniya akwai wani dattijo mai farar hula wanda ya ba shekara sittin baya, ya kuwa shafe fiye da arba'in daga cikinsu a kan hanya. Ko a tashar ba a cika kiransa da sunansa na yanka ba, Baba Direba kawai ake ce masa, yaro da babba, Musulmi da Kirista.

Jama'a dai ba su cika yabon direbobin haya ba, kuma ba a ce ba su da hujja ba. An san su da cika mota fiye da kima, da gudun da ya wuce hankali, da ƙarin kuɗi da zarar Salla ko Kirsimeti ta gabato, da zafin baki idan aka taɓa su. Shi kansa Baba Direba ba ya musun wannan, har yakan ce a zamanin ƙuruciyarsa ya taɓa kowanne daga ciki. Amma akwai wani ɓangare na rayuwar tasha wanda ba a buga shi a jarida, ba a kuma rubuta shi a littafin yuniyon, watau ƙananan alheran da ake yi kullum ana mantawa da su kafin mota ta kai Zonkwa. Labarin wannan dattijo na cikin irinsu, kuma ya cancanci a ji shi, domin ya kusa raba shi da abincinsa.

Kafin a fahimci mutumin, tilas a fahimci garin da ya haife shi. Kafanchan gari ne da tafiya ta gina. A shekarar 1927 ne layin dogo wanda ya taso daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya haɗu da Kaduna ta nan, aka kuma ja reshe zuwa Jos domin kuza. Daga baya, a 1964, aka kammala layin da ya kai Maiduguri. Saboda haka garin ya zama mararraba, ya tara ma'aikatan reluwe daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, Ibo da Yarbawa da Tibi da Hausawa da Fulani, suka zauna tare da Fantsuwam da Kaninkon da Bajju da Kagoro da Jaba da Kataf, harshen Hausa kuma ya zama igiyar da ta ɗaure su a kasuwa da tasha. Mahaifin Baba Direba lebura ne a reluwe, ya tashi yana jin kukan jirgi da tsakar dare. Amma tun daga shekarun 1980 harkar jirgin ta yi ta ja da baya, nauyin jigilar mutane da amfanin gona ya koma kan motocin haya kusan gaba ɗaya.

Shi dai ya shiga harkar mota yana ɗan saurayi, wajen ƙarshen shekarun 1970, lokacin da motocin Pijo da aka soma haɗawa a Kaduna a 1975 suke cika hanyoyi, ƙungiyar direbobi ta ƙasa kuma, wadda aka kafa a 1978, take kama tashoshi. Ya fara da yaron mota a wata babbar motar katako mai ɗaukar citta da doya da acca daga kasuwannin ƙauye. Maigidansa wani Bajju ne, Kirista, tsohon hannu wanda ya ga canjin hannu na 1972 da canjin kuɗi na 1973 yana kan sitiyari. Mutum ne mai faɗa, ba ya yabon yaro ko da ya yi abin kirki. Duk da haka idan azahar ta yi yakan nemi inuwa ya tsaya, ya ce zai duba ruwan lagireto, alhali kuwa bai daɗe da dubawa ba. Sai da yaron ya yi wata da watanni kafin ya gane cewa lokacin salla ake ba shi, ba tare da an ce an yi masa alfarma ba.

A hannun wannan mutum ya koyi abin da ya fi canjin giya. Ya ga maigidan ba ya wuce motar da ta lalace a daji bayan faɗuwar rana, ko ta abokin gaba ce, sai ya tsaya ya ba da jak ko fulogi ko galan na mai. Ya ga ba ya karɓar ko kwabo a kan wasiƙa ko ƙullin magani ko ɗan garin da uwa ta aika wa ɗanta a makarantar kwana. A wancan zamani, kafin wayar hannu ta shigo a 2001, direba shi ne gidan waya na talaka: shi yake kai labarin haihuwa, shi yake kai na rasuwa, shi ake danƙa wa kuɗin makaranta a ƙulle a gefen zane ba rasit ba shaida. Wata rana yaron ya tambaye shi dalilin da ba ya cajin saƙo, sai ya daka masa tsawa ya ce, "Kai yaro, takarda tana shan mai ne?" Iyakar bayanin da ya taɓa samu ke nan.

To, mararraba tana da daɗi tana kuma da ɗaci. Wannan yanki ya sha wuya a rikicin Maris na 1987 wanda ya faro daga Kafanchan, da na Zangon Kataf a 1992, da wanda ya biyo bayan zaɓen Afrilu na 2011, inda aka yi asarar rayuka masu yawa daga kowane ɓangare, kasuwar Kafanchan kuma ta ƙone. A wannan na ƙarshe ne tafiya ta rutsa da Baba Direba a hanyarsa ta komowa daga Kaduna. Dare ya yi, hanya ta toshe gaba da baya, ya tura motar cikin ciyawa ya shiga daji da ƙafa tare da fasinjoji biyu da suka rage. Wata mace wadda bai taɓa gani ba, addininsu ba ɗaya ba, ita ta ci karo da su a bayan gonarta. Ba ta tambaye su suna ba, domin fuska da sutura sun riga sun faɗa mata. Ta shigar da su rumbu, ta rufe, ta kwana biyu tana zura musu ruwa da dafaffen rogo, har jami'an tsaro suka buɗe hanya.

Bayan ƙura ta lafa ya koma da buhun shinkafa domin ya yi godiya, sai ya tarar gidan kango, aka ce mutanen sun tashi, ba wanda ya san inda suka nufa. Ya yi cigiya a kasuwanni har ya gaji. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, mutane kuma sukan fassara maganar da cewa wanda ya yi alheri shi zai girbe shi. Baba Direba bai ga haka ba a rayuwarsa. Matar da ta cece shi bai taɓa yi mata kome ba, kuma har yau bai sami hanyar rama mata ba. Abin da ya gani shi ne bashi ya hau kansa, mai bashin kuwa ta ɓace, saboda haka ba shi da inda zai kai biya sai wurin duk wanda Allah ya kawo bakin motarsa.

Sai dai alheri a tasha yana da farashi, kuma ya kamata mai karatu ya san yadda lissafin yake. Yawancin direbobin haya ba su ne masu motocin ba. Daga abin da fasinjoji suka biya za a cire kuɗin lodi na yuniyon da na ɗan kamasho, a cire na mai, a cire abin da hanya take ci, sa'an nan a ware balas ɗin mai mota, wanda ba ya raguwa don an yi ruwa ko don kasuwa ba ta ci ba. Abin da ya saura shi ne na direba, sau da yawa kuwa bai wuce kuɗin kujera ɗaya ko biyu ba. Watau idan direba ya yafe wa mutum ɗaya kuɗin mota, ba daga ribar wani attajiri ya yafe ba, cefanen gidansa na ranar ya bayar. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Darajar naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabo, ɗan sararin da direba yake yin kirki a cikinsa ya ƙara tsukewa.

A wannan shekara ta 2023 ɗin kuma wata masifar ta sauka a gonaki. Kudancin Kaduna shi ne cibiyar noman citta a Nijeriya, musamman ƙasashen Kachiya da Jaba da Kagarko, citta ce take biyan kuɗin makaranta da na asibiti da na aure a dubban gidaje. A daminar shekarar wata cuta ta kama ta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa ba su fid da ko iri ba. Kowa a tasha ya ji a jikinsa, domin idan manomi bai sayar ba, ba ya tafiya, idan kuwa bai yi tafiya ba, mota ba ta cika.

Wata safiya a ƙarshen wannan shekara, motar Baba Direba tana kan layin Kaduna saura kujera uku ta cika, sai ga wata tsohuwa daga wani ƙauye na hanyar Kwoi, tana tallafe da jikanta ɗan kimanin shekara goma. Ƙafar yaron a naɗe take tun daga gwiwa, ba ta lanƙwasuwa, a hannun tsohuwar kuma akwai takardar da aka ba ta zuwa babban asibiti a Kaduna. Yaron ba zai iya zama ba sai an miƙe ƙafar, watau kujera biyu tasa, ɗaya ta kakarsa. Ta kwance gefen zane ta ƙirga abin da ke ciki sau biyu, kuɗin kujera ɗaya ne da 'yan canji. Ɗan kamasho ya ce mata ta koma gefe ta jira ko Allah zai kawo wani sauƙi, ba don mugunta ba, shi ma da kan fasinja ake biyansa.

Dattijon yana shan shayi yana kallo. Ya aje kofi ya matso ya ce, "Mama, sannu. Me ya sami yaron?" Ta ce, "Baba Direba, daga bisa mangwaro ya faɗo, an ɗaura a gida bai yi ba, yanzu sun ce sai Kaduna. Cittar da na sa rai a kanta duk ta ruɓe, akuyata na sayar." Ya dubi ƙafar, ya ji warin da yake fitowa daga ƙullin, ya san ba ciwon da zai jira gobe ba ne. Sai ya ce wa ɗan kamasho, "Rufe lodi, mota ta cika." Ɗan kamasho ya ce, "Baba, kujera biyu fa babu kuɗinsu." Ya ce, "Na ji. Kamashonka ba zai ragu ba, rubuta a kaina."

Abin da ya biyo baya ba shi ya roƙa ba. Kafin a fita gari wata mai sayar da gwanjo da take zaune a baya ta zaro 'yar takardar kuɗi ta miƙa wa na gabanta, ta ce a ba direba. Wani ɗalibi ya ɗora tasa, wani Bafulatani ya laluba aljihun 'yar shararsa, wani mai wa'azi da littafinsa a cinya ya ƙara, kuɗin suka bi hannu hannu har suka iso gaba. Da aka ƙirga sun kusa kuɗin kujera ɗaya. Masu yawon duniya sun ce a birnin Manila na ƙasar Filifin akwai motocin haya da ake kira jifni, waɗanda asalinsu jif-jif ne da sojojin Amurka suka bari bayan yaƙin duniya na biyu a 1945, a cikinsu kuwa haka ake biyan kuɗin mota, na baya ya miƙa wa na kusa da shi har ya kai ga direba, canji kuma ya komo ta hanyar da kuɗin suka bi. Ashe talaka ko'ina yake, idan tafiya ta haɗa shi da ɗan'uwansa a kujera ɗaya, yakan amince wa hannun da bai sani ba.

Tafiyar Kaduna ta Zonkwa da Kachiya kimanin kilomita 200 ce, ya kuwa yi ta a hankali saboda kowane rami sai yaron ya yi ƙara. Da suka isa, sauran fasinjoji suka sauka a tasha, tsohuwar ta tsaya tana waige-waige, ba ta taɓa zuwa birnin ba, ba ta san gabas ba balle yamma. A nan ne dattijon ya yi abin da ya fi kujera biyu tsada. Maimakon ya shiga layin komowa, sai ya kai su har ƙofar asibiti, ya sungumi yaron ya shigar da shi, ya tsaya har aka yanki kati aka ba su gado. Kafin ya komo tasha layinsa ya wuce, yamma ta yi, hanyar Kachiya kuwa a waɗannan shekaru ba ta biyuwa da dare saboda masu satar mutane. Ya kwana a cikin mota, washegari ya komo Kafanchan da balas ɗin kwana ɗaya a maimakon na biyu, shi ma bai cika ba.

Mai motar wani ɗan kasuwa ne wanda dattijon ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba azzalumi ba ne. Da rance ya sayi motar, ana kuwa binsa biya kowane wata. Ya saurari bayanin har ƙarshe, sa'an nan ya ce, "Baba, ina jin nauyinka, amma wannan ba shi ne na farko ba. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekarar nan mutum nawa ka ɗauka bashi, nawa suka biya? Idan sadaka za ka yi, ka yi da abinka. Wanda ya ba ni rance ba ya karɓar labari." Dattijon ya ce, "Gaskiyarka, maigida." Ya aje makulli a kan tebur ya fita. Abin da ya fi damunsa a hanyar gida shi ne ya san mutumin bai yi ƙarya ba: man da ya ƙona zuwa asibiti da yinin da ya ɓata ba nasa ba ne shi kaɗai, ya yi kyauta da abin da rabinsa na wani ne.

Mutum mai shekara sittin da ɗoriya wanda aka karɓe wa makulli, a garin da samari masu lasin suke zaune suna jiran mota, ba shi da tabbacin zai sake riƙe sitiyari. Ya yi kwana tara yana zuwa tasha da asuba kamar kullum, ya zauna a benci, domin bai san wani wurin zuwa ba. A cikin kwanakin nan ne tashar ta nuna nata halin. Wani matashin direba Bakaninkon, wanda dattijon ya taɓa jan motarsa da igiya daga Gidan Waya, ya riƙa cewa bayansa yana ciwo, yana ba shi sawu ɗaya na Jos ya yi ya riƙe abin da ya samu. Mai shayi ya daina rubuta abin da ya sha. Wani Ibo mai sayar da kayan gyara, wanda aka haifa a garin tun zamanin reluwe, ya taka har shagon mai motar, ya tuna masa cewa tun da dattijon ya karɓi motar ba a taɓa sauke injinta ba, ba ta kuma taɓa kwana a hannun hukuma ba. A rana ta goma aka aiko masa da makulli, bisa sharaɗin cewa duk kujerar da ya yafe daga aljihunsa za ta fita, balas kuwa ba za a taɓa shi ba. Ya karɓi sharaɗin, ya ce adalci ne.

Tun daga ranar ya rage hannu, domin dole. Yakan yafe rabin kuɗi inda dā zai yafe duka, wani lokaci kuma yakan kau da kai daga mai roƙo, abin ya kwana yana cinsa. Wannan ita ce asarar da tsadar rayuwa take jawowa wadda ba a lissafa ta a kasafin gwamnati: tana sa mutumin kirki ya riƙa auna kirkinsa da mudu. Amma saƙon magani da na 'yan makaranta har yanzu ba ya karɓar kome a kansu, kuma ba ya wuce motar da ta mutu a daji.

Bayan kamar wata uku, wata rana da hantsi, wani direban hanyar Kwoi ya shigo tasha da ƙullin leda yana cigiyar "direban Kaduna mai farar hula". Ya ce wani ɗan acaba ne ya ba shi, shi kuma wata tsohuwa ce ta ba shi a bakin kasuwar ƙauyensu, ba suna ba takarda. Da aka kwance sai ga acca wankakkiya, ba ta fi mudu biyu ba, da saƙon baki guda ɗaya wanda ya bi ta bakin mutum biyu bai canja ba: a gaya masa yaron ya taka ƙafarsa. Ba ɗan acaban ba direban, ba wanda ya nemi ladan kawowa. Dattijon ya juya ƙullin a hannunsa, ya yi shiru, sa'an nan ya ɗebi rabi ya ba matashin nan mai ciwon bayan ƙarya, sauran ya kai gida aka yi gwate.

Gobe da asuba, in Allah ya kai rai, zai kasance a tasha yana zagaya motarsa yana bugun tayoyi da ƙafa, yana faɗa da yaran mota a kan ɗaurin kaya. Wanda ya shiga motar ba zai ga wata alama a goshinsa ba, watakila ma su yi cacar baki a kan kuɗin buhu. Idan lodi ya cika ɗan kamasho zai buga bayan motar ya ce Allah ya kiyaye hanya, na gaba da na baya kuma, mai tasbaha da mai giciye, su amsa da amin.